Ba a Niƙa Ranar Alhamis

A unguwarmu ta Kabo kowa ya san ba a niƙa a gidan injin Baba ranar Alhamis. Duk matar da ta manta ta aiko da kwano, kwanon zai koma mata yadda ya zo, in ta ga dama ta yi fushi, in ta ga dama ta jawo turmi. Kuma Alhamis ɗin ce ranar da aka fi matsuwa da niƙa, don gobe Juma'a, jibi biki, kowa yana son garinsa a hannu. Na sha gaya wa matata cewa wannan ba sana'a ba ce, taurin kai ne kawai. Ita kuwa sai ta ce in je in faɗa masa da bakina mana, don ta san sarai ba zan iya ba.

Ni ne ɗan fari. Gidanmu asalinsa na makiyaya ne, kakana ne ya ajiye sanda ya kama fartanya, amma kunyar ɗan fari ba ta bi shanun ta tafi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa duban idona ya ce in yi kaza ba. Ina yaro ta bakin ƙannena saƙonsa yake iso ni. Da na girma muka zama mu biyu a ɗakin inji, sai ya samo wata hanyar. Injin yake yi wa magana, ni kuma in ji. Tsohuwa yake ce masa, yadda iyayensa suke yi wa saniya magana. In yana so in ƙara giris, sai ya dafa ƙarfen ya ce wa tsohuwa ya ga kamar gefenta na hagu ya bushe. In na ɗaure bel ya yi tauri, sai ya ba ta haƙuri ya ce wani ya shaƙe ta. Ni ne wanin, kuma ba a taɓa samun ranar da na kasa ganewa ba.

Ba a Kabo Baba ya koyi inji ba. Shekara da shekaru ya yi a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Kano, yana cikin kanikawan da suke kula da injuna. Sai aka shiga zamanin ostariti, aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka daina shigowa daga waje. Yadda na ji yana ba abokansa labari a dakali, ina gefe kamar ba na ji, kamfanin yana da al'adar tsayar da kowane inji rana ɗaya a mako don a duba shi. Da abubuwa suka matse, manyan wurin suka ce ranar nan asara ce, a ci gaba da aiki, in abu ya lalace a gyara. An ɗan jima ana murna mai ya ƙaru. Daga nan inji na farko ya buga, aka kwance shi aka raya na biyu da kayan cikinsa, na biyu ya buga aka raya na uku, haka har aka rasa na kwancewa. Baba yakan ce ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar kamfanin shi bai yi mamaki ba, tun ranar da aka soke dubawa ya fara haɗa kayansa.

Ya dawo gida da akwatin kayan aiki, ba wani abu. Daga baya ya ji labarin wani tsohon injin gas mai silinda ɗaya da aka yasar a wani zaure a Kutama, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. A amalanke aka kawo shi, mutane suna tsayawa a hanya suna dariya. Damina guda ya yi yana kwance shi yana wankewa da kananzir, ranar da ya tayar da shi kuwa masu dariyar ne suka fara aiko da kwanuka. Inji ɗaya ne yake juya kai biyu, na niƙan gari da na markaɗe, kowanne da bel ɗinsa. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka aurar da ƙannena mata.

Aikin Alhamis kuwa ba ya canjawa. Da safe sai ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ya cire bel ya bi shi da yatsa ko ya fara tsagewa. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza man a tsakanin yatsunsa, ya wanke matata, ya zubar da ruwan durom ɗin da yake sanyaya inji ya zuba sabo. Ya buɗe gidan kowane boris, inda sandar inji take juyawa, ya share tsohon giris ya cika da sabo, musamman na wajen markaɗe, inda ruwa yake shiga. Ya bi kowane noti da sifana ko da bai kwance ba. Duk Alhamis ta huɗu a yi juyen baƙin mai. In an gama sai ya tayar da inji ba komai a bakinsa, ya ɗauki wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako, ya kafa tsininta a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Wuri huɗu yake saurare, kullum a jere iri ɗaya, kafin ya ce wa tsohuwa ta huta sai gobe.

Ni malamin firamare ne a da, a Masanawa nake koyarwa, da keke nake zuwa in dawo. Da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, hannunsa kuma ya fara rawa, sai na ajiye alli na kama handul ɗin tayar da inji. Shi ya koma tabarma a gindin darbejiyar da take ƙofar ɗakin inji, yana wuni yana sauraron bugun injin yana amsa gaisuwa. Ina yin aikin Alhamis, amma don yana zaune nake yi. Gaskiya ban yarda da ita ba. Shekara uku ina kwance abin da lafiyarsa ƙalau ina mayarwa, ina manna kunne a sukundireba kamar wani boka, ban taɓa samun komai ba. Ban kuma taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ya sa ba na samun komai ba.

Ana saura kwanaki a fara azumi Baffa ya zo, ƙanin Baba, wanda yake da shagon casar shinkafa da markaɗe a Gwarzo. Shi ma bakanike ne, Baba ne ya koya masa, kuma mutum ne da ba ya tauna magana. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya da amfanin gona, sai ya kawo abin da ya kawo shi, ina tsugune a gefe. Ya ce idon Yaya ya tafi, irin wannan injin ya daina zuwa ƙasar nan, kayansa ko a Kano sai an sha yawo ba a samu ba. Ya ce a bari ya ɗauke shi ya kai Gwarzo inda za a kula da shi, malamin makaranta kuma ya koma wa allinsa, don inji ba a littafi ake koyonsa ba. Baba ya ce zai ba shi amsa bayan Sallah.

Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai. Ba injin ne ya dame ni ba kamar abin da yake bayan maganar. Na wuce shekara talatin ban san abin da Baba yake gani ba in ya dube ni, ga shi yanzu za a yanke hukunci a kaina, kuma ko a nan ɗin ba da ni za a yi maganar ba. In mota ta zo daga Gwarzo ta ɗauki injin, na ji amsar ke nan, unguwa ma ta ji. Na ƙudura a raina kafin Sallah sai na nuna musu, sai dai ban san me zan nuna ba.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga garinmu a lokacin ba zai ɗauka ƙari nake yi. Masallaci ya cika har waje, masu awo a kasuwa suka gyara mudunsu ba wanda ya sa su, mutanen da suka shekara suna gaba suka shirya. Ni ma na ɗage wando na bar gemu, gemun da matata ta ce in ta ƙirga gashinsa da safe za ta gama kafin kunu ya huce. Aka sa ni sakataren kwamitin masallacin unguwa saboda na iya rubutu, na kuwa fara tafiya wani iri. Kwamitin ya yanke cewa za a ciyar da masu azumi kullum a masallaci, kunu da ƙosai, duk wanda ya zo. Lokacin kaka ne, manoma suka yi ta kawo sabon gero da wake. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne, dattijo, aminin Baba tun suna samari, shi ne ma ya karɓa mini aure.

Ana jibi azumi Baffa ya zo ya ɗauki Baba zuwa Kano a yi masa aikin ido, daga nan zai zauna a Gwarzo ya warke. Kafin ya shiga mota ya lalubo ƙofar ɗakin inji, ya dafa ƙarfen.

“Tsohuwa,” in ji shi, “kada ki bari a hana ki Alhamis ɗinki.”

Na ji sarai, na kuma yi kamar da ita ake.

Laraba ta farko Alhaji ya same ni a ɗakin inji. Ya ce ya san dokar amininsa, amma mai azumi bai san Alhamis ba, yunwarsa ɗaya ce da ta sauran ranaku. Da a ce matsa mini ya yi da na samu abin fakewa yanzu, amma bai matsa ba. Tun bai rufe baki ba na amsa, kuma da murna na amsa. A tunanina ga abin da nake nema ya zo: za a ce injin da uba yake rufewa ɗa ya buɗe shi saboda Allah. Na kuma shirya wa kaina hujja mai kyau, cewa aikin Allah ne, kyauta muke yi, ta yaya inji zai lalace yana niƙa abincin masu azumi? Har a taron kwamiti na faɗi haka, aka yi ta cewa masha Allah, kaina ya ƙara girma.

Alhamis ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ma haka. Inji yana aiki tun safe har la'asar, markaɗen wake ya fi na kowane lokaci yawa, ruwa yana zuba ta ko'ina. In na tuna sai in tuttula baƙin mai a kan na ciki ba tare da na zaro sanda na duba ba. Wata rana matata ta ce daga madafi tana jin muryar injin ta canja, kamar mai mura. Na tambaye ta yaushe ta zama bakanike ban sani ba. Ta ce ita dai kunne gare ta ba gemu ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Larabar mako na uku Baffa ya kawo Baba ya juya. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an rufe shi da auduga, ya sa baƙin tabarau. Bai ko shiga gida ba ya ce a shimfiɗa masa tabarmarsa. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka da arziki, kuma su ne suka tona ni ba da nufi ba, don kusan kowa sai ya haɗa da cewa Allah ya yi wa ɗansa albarka, har Alhamis yana yi wa masallaci niƙa. Baba yana cewa amin. Tun azahar yake zaune yana sauraron injin har na tashi daga aiki. Ina jira in ji abin da zai ce wa tsohuwa, na ma shirya amsata a zuci, amma bai ce mata komai ba. Da ya miƙe ya wuce ta ƙofar ɗakin bai ko dafa tsohuwa ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya wuce injin nan bai yi masa magana ba, kuma shirun ya fi mini zagi ciwo.

Washegari Alhamis, kuma ranar ce aikin ya fi kowace rana yawa. Gobe Juma'a masu wa'azi za su zo daga Kano, mutanen ƙauyuka za su sha ruwa a masallacinmu, saboda haka kwamiti ya jiƙa wake da gero kamar na biki uku. Safiyar akwai sanyi, sai da na juya handul har kafaɗata ta yi tsami kafin injin ya kama. Robobi da kwanuka sun yi layi har bakin hanya. Alhaji da kansa ya zo, aka kawo masa kujera ya zauna yana duba aiki. Baba yana kan tabarmarsa, sun gaisa, suna ɗan taɓa hira.

Da hantsi na juya zan ɗauki tsumma sai na ga akwatin kayan aiki a buɗe, doguwar sukundirebar tana bisa, ƙotarta tana kallona. Ni ban bar ta a nan ba, na kuma san wanda ya ajiye ta. Raina ya ɗan ɓaci. Na ɗauke ta ne don in nuna wa mai ajiyewar cewa ba komai, na ma tsaya inda zai hango ni da sabon idonsa. Wuri na farko lafiya. Na biyu lafiya. Da na kafa ta a gidan boris na wajen markaɗe sai na ji wani abu kamar ana tauna tuwo mai tsakuwa. Na kai hannu na taɓa wurin, na janye da sauri, don ya ƙone ni. Na koma wuri na huɗu, can ƙasan cikin injin, na rufe ido kamar yadda Baba yake yi. A ƙarƙashin babban bugun da na saba ji akwai wani ƙarami, siriri, yana biye da shi. Shekara uku ina sauraron wurin nan ban taɓa jin sa ba, shi ya sa na gane shi nan take.

Na dubi Baba, shi kuwa hanya yake kallo kamar yana jiran wani. Na tsaya riƙe da sukundireba ina lissafi. In na ci gaba wataƙila injin ya kai la'asar, wataƙila kuma ya buga kafin azahar, in ya buga kuwa ya tafi ke nan. In na tsayar da shi na kunyata Alhaji a gaban jama'a, na kuma amsa da bakina a gaban Baba da unguwa duka cewa na yi sakaci, Baffa ya yi gaskiya. Ta kowace hanya na ga injin ya bar hannuna. Abin da ya rage kawai shi ne ko zai tafi Gwarzo da ransa, ko a kai wa maƙera gawarsa. Na kai hannu na ja libar kashe inji.

Injin ya yi ta rage gudu har ya tsaya, wurin ya yi tsit, har ana jin ruwan markaɗe yana ɗiga a roba. Alhaji ya tambaya ko gas ne ya ƙare. Na fito na durƙusa a gabansa.

“Alhaji, a yi mini haƙuri. Yau ba zan ƙara niƙa ko mudu ɗaya ba.”

Da farko bai gane ba, da ya gane kuwa ransa ya ɓaci sosai. Ya ce baƙi suna tafe, wake ya jiƙa, in ya kwana zai yi tsami. Ya ce ba ni ba ne na tashi a taro na ce inji ba ya lalacewa a aikin Allah? Yanzu ƙarfe ne zai hana masu azumi shan ruwa? Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kaina yana ƙasa, ina jin idon mutane a bayana. Sai ya juya wajen Baba ya ce ya yi wa yaronsa magana.

“Ni baƙo ne, jiya na zo,” in ji Baba. “Inji a hannunsa na bar shi.”

Ba wanda zai cece ni ke nan. Na ce wa Alhaji laifina ne, Alhamis biyu na hana injin haƙƙinsa, maganar da na yi a taro kuma kuskure ce, don amana aka ba ni ban riƙe ba na ce Allah zai riƙe mini. Na ce in na ci gaba yau, ba gobe kaɗai ba, har Sallah da bayan Sallah ba mai niƙa a unguwar nan. Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi ba sallama. Mutumin da ya karɓa mini aure ke nan, kuma ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar.

Matata ce ta fitar da ni kunya. Da labari ya shiga gida ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ta ajiye wannan sai daga baya, ta kuwa yi amfani da shi shekaru. Mayafi ta ɗauka ta bi gida gida, aka rarraba geron kwano kwano. Kafin azahar unguwa ta ɗauki ƙarar turmi ta ko'ina, irin wadda aka daina ji tun zuwan injin. Mata masu azumi suna daka, na kuma samu labarin cewa a wasu gidajen da sunana ake buga taɓarya, ban ga laifinsu ba.

Ni kuma da mutane suka watse na kwance noti na zubar da baƙin mai a cikin tasa. Ya tsinke kamar ruwa, ya yi baƙi ƙirin. Ban ji shigowar Baba ba sai ganin hannunsa na yi a cikin tasar. Ya murza man a yatsa, ya cire tabarau, ya kai yatsun kusa da idonsa mai gani. Ni ma na gani, wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli a ciki, garin ƙarfe ne, injin ya fara cin kansa. Ya goge hannu a tsumma ya dafa injin.

“Tsohuwa, kin sha wuya.”

Abin da ya ce ke nan ya fita. Na so a ce zagina ya yi.

Wake ba ya dakuwa a turmi ya ishi taron gobe, kuma wuri ɗaya na sani da za a markaɗa shi a ranar ba gardama. Na loda robobin a bayan a-kori-kura, na naɗe boris ɗin da na ciro a tsumma, na nufi Gwarzo wajen mutumin da yake son karɓe injin. Tafiyar ba ta da nisa amma ranar ta yi mini tsawo. Baffa ya karɓi boris ɗin ya juya shi a yatsa, yana ƙugi yana tsayawa, ya kai shi kunne ya sake juyawa. Sannan ya tambaye ni, malamin makaranta, wannan darasin ɗan aji nawa ne. Amma da kansa ya tsaya ya markaɗa waken duka, sannan ya jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin benci. Ya fito da sabon boris, da wasu ɓawon ƙarfe guda biyu da suke rungume sandar cikin inji, waɗanda kanikawa suke kira mital, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya ce Yaya ne ya ba shi ajiya tun shekarar da ya baro kamfani, kuma su ne na ƙarshe. Ya ce in sandar kanta ta ci, to, kada ma in wahalar da shi.

Ranar Juma'a an sha ruwa a masallaci kamar yadda aka shirya. Kunun ya ɗan yi tsaki, ƙosai ya isa har ya yi saura, baƙin ma ba su san an yi wani abu ba. Alhaji dai da ƙyar yake amsa gaisuwata, sai da aka yi mako guda kafin ya sake mini fuska. Bayan haka shi da kansa ya sa kwamiti ya riƙa kawo niƙan Alhamis tun Laraba.

Baffa ya zo ranar Asabar muka buɗe cikin injin. Da ya ciro tsohon mital ɗin ya siɗe har ya fara canja launi. Ya bi sandar da farce a hankali, gaba da baya. Ya ce ba ta ci ba, amma da an ƙara rabin wuni da ta ci. Aikin da Baba yake gamawa kafin azahar ranar Alhamis sai da ya cinye mana kwana uku, unguwa tana daka. Ranar Lahadi da la'asar muka ɗaure noti na ƙarshe, muka zuba sabon mai, na juya handul. Injin ya kama, bugunsa ya fito a sarari, irin wanda na tashi ina ji tun ina saurayi.

Baba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Baffa yana goge hannu ya ce masa ai ya gani da idonsa, da sabon idon ma, ko ya turo mota bayan Sallah? Ni ina tsugune ina tattara sifanu, na riga na haƙura, abin da nake roƙo kawai kada hawaye ya zubo mini a gabansu. Baba ya dubi injin.

“A kamfani duk mun ji ƙarar ta canja,” in ji shi. “Ni na riga kowa ji. Manya suna tsaye, kaya sun yi layi, ba wanda ya iya kai hannu ya tsayar. Ni ma ban iya ba.” Ya gyara tsayuwa. “Masu tayar da inji suna da yawa. Tsohuwa tana nan inda take.”

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya yi ’yar dariya ya ce to shi ke nan, a dai mayar masa da takardar mital ɗinsa, yana da abin naɗewa. Ban taɓa jin wannan ɓangaren na labarin kamfani ba, duk yawan maimaita shi da Baba yake yi a dakali. Ina cikin juya maganar a raina sai na ga ya sunkuya ya ɗauki doguwar sukundirebar daga kan buhu. Na matsa in ba shi wuri ya saurara, kamar kullum. Amma bai nufi injin ba, ni ya miƙo wa, ta wajen ƙota, kuma idonsa mai gani a kaina yake.

“Kai,” in ji shi. “Zo ka saurara, ka gaya mini abin da ka ji.”

Na karɓa. Na kafa ta a wuri na farko ban ji komai ba sai bugun ƙirjina, sai da na ɗaga kunne na nisa na sake. Na bi wuraren huɗu a jere, ban yi gaggawa ba, a na huɗun ma na daɗe fiye da yadda ake buƙata, don ina so idona ya bushe kafin in ɗago.

“Lafiya lau, Baba.”

“To,” in ji shi, ya koma tabarmarsa.

Injin yana nan har yau, kuma har yau akwai matan da suke fushi da ni duk Alhamis. Baba ya ƙara shekaru a gindin darbejiyar nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma nema ba. Amma daga ranar bai sake aiko mini saƙo ta hannun tsohuwa ba.